Mai Raba Aiki Shi Ke Raba Ciwo

An daɗe ana ɗaukar hawan jini da ciwon zuciya a matsayin ciwon manya. Wai shugaba ne ke kwana da nauyin kamfani a ka, shi ke sa hannu a takardun da za su iya kai shi kotu, shi ke shan tambayoyin masu hannun jari, saboda haka zuciyarsa ce za ta fara gajiya. Masinja da mai gadi kuwa ba ruwansu, da an tashi aiki sai su kama gabansu, su yi barcinsu har da minshari.

A shekarar 1967 wasu likitoci a Landan suka fara bibiyar lafiyar maza kusan 18,000 da ke aikin gwamnatin Birtaniya, a binciken da aka sa wa suna Whitehall, wato titin da manyan ma'aikatun ƙasar suke. Da aka shekara goma sai lissafi ya fito a juye. Yawan mace-mace a tsakanin 'yan matakin ƙasa, irin su masinjoji da masu tsaron ƙofa, ya ninka na manyan jami'ai kusan sau uku. Kuma ba tsakanin na ƙoli da na ƙasa kaɗai tazarar ta tsaya ba, kowane mataki ya fi wanda ke samansa yawan mutuwa, hawa-hawa. Ga shi dukkansu suna da aikin yi, suna da albashi a ƙarshen wata, asibiti kuma kyauta ne a ƙasar. Aka ce ko taba ce, ko ƙiba, ko hawan jini. Aka cire waɗannan daga lissafi, amma fiye da rabin tazarar tana nan daram.

A 1985 Michael Marmot ya jagoranci zagaye na biyu na binciken da ma'aikata 10,308, maza da mata. Wannan karon aka riƙa tambayarsu yadda aikin nasu yake. Wa ke tsara maka abin da za ka yi? Kana da ta cewa a kan yadda za ka yi shi, ko saurin da za ka yi shi? Amsoshin suka nuna cewa waɗanda ba su da iko a kan aikinsu sun fi kamuwa da ciwon zuciya, kuma wannan rashin iko shi ne ya ɗauki kaso mai tsoka na tazarar da aka kasa gane dalilinta tun farko.

Daga nan ra'ayina ya samo tushe. Idan aka ambaci al'adar wurin aiki, hankalin mutane kan tafi ga abin da ido ke gani: ko ana sa kwat, ko ana kiran shugaba da sunansa ko sai an rusuna an ce yallaɓai, ko an liƙa kyawawan kalmomi a bangon ɗakin taro. Ni a wurina duk wannan ado ne. Al'adar wuri ita ce abin da sabon ma'aikaci ke koya a watanninsa na farko ba tare da kowa ya zaunar da shi ya faɗa masa ba. Yana ganin wanda ake ƙara wa girma da wanda ake tozartawa, yana ganin kallon da ake bin wanda ya tashi a kan lokaci da shi, yana jin labarin abin da ya sami wanda ya taɓa ce wa oga lissafinsa bai fita ba. Abin da ke shiga jikinsa daga cikin wannan duka bai wuce yawan aikin da aka ɗora masa ba, da girman ikon da aka bar masa a kan aikin, da kuma ko ana yi masa adalci. Babu ko ɗaya daga ciki da ke hannun ma'aikaci. Suna hannun mai raba aiki.

Tun a 1979 masanin zamantakewa Robert Karasek ya nuna cewa abin da ya fi cin jiki shi ne a haɗa wa mutum aiki mai yawa da ƙarancin iko. Likitan tiyata aikinsa da nauyi, amma shi ke yanke shawarar inda wuƙa za ta bi. Ita kuwa yarinyar da ke amsa kiran waya a sashen sauraron koken abokan ciniki, na'ura ce ke ƙirga mata daƙiƙoƙi, an rubuta mata abin da za ta faɗa, ko banɗaki za ta shiga sai an san minti nawa ta yi. A 1996 wani masanin, Johannes Siegrist, ya ƙara wani gefen: mutum ya zuba ƙarfinsa, amma abin da ke dawo masa na albashi da mutuntawa da tabbacin aiki bai kai ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yadda abin ke zama ciwo ba wani sirri ba ne. Duk lokacin da mutum ya ji barazana, jikinsa na sakin sinadaran da ke ƙara bugun zuciya, su ɗaga jini, su ƙara sukari a cikinsa. An yi wannan tsari ne don haɗarin da ke zuwa ya wuce. Idan barazanar ta zama ta kowace safiya, shekara da shekaru, barci ya lalace, jijiyoyin jini su ji jiki, wani kuma ya koma ga taba ko ƙwaya don ya samu sa'ida.

Masu koyar da harkar gudanarwa suna son kasa wuraren aiki gida huɗu, bin tsarin Kim Cameron da Robert Quinn na jami'ar Michigan. Akwai wurin da matakai da dokoki ke mulki, akwai wurin da gasa da sakamako ke mulki, akwai na masu ƙirƙira inda komai a buɗe yake, sai kuma wanda ake tafiyar da shi kamar gidan dangi. Rabon yana taimakawa wajen gane halin wuri, amma yakan sa mutum ya zaci akwai gida mai lafiya da gida mai cuta, ya kama neman na farkon. Kowanne daga cikinsu yana da hanyar da yake cinye mutanensa.

Na matakai da dokoki shi aka fi zagi, kuma ina ganin ana cika yi masa rashin adalci. Rubutacciyar doka garkuwar mai rauni ce. Inda aka rubuta lokacin tashi, da kwanakin hutu, da sharuɗɗan ƙarin girma, ƙaramin ma'aikaci yana da abin nunawa idan an taka shi. Illar irin wannan wuri ita ce wadda Whitehall ya bankaɗo: mutum ya shekara talatin ba a taɓa tambayarsa yadda ya kamata a yi aikin da ya fi kowa sani ba. Sai kuma idan dokar ta zama tana kama na ƙasa kawai, to nan an rasa garkuwar, an bar nauyinta.

Wurin gasa kuwa yana da farin jini a wajen matasa, domin yana yi musu alkawarin cewa ƙoƙarinka shi ne gatanka, ba shekarunka ko wanda ka sani ba. Alkawarin na da daɗi. Matsala tana farawa ne ranar da aka yanka wa mutane adadin da ba zai cimmu ta hanyar halal ba. A bankin Wells Fargo na Amurka an matsa wa ma'aikatan rassa su sayar wa kowane abokin hulɗa hajojin banki har takwas, ana bin su da ƙirga kullum. Da suka rasa yadda za su yi, sai suka shiga buɗe wa mutane asusu da katunan bashi ba da saninsu ba. A Satumbar 2016 asiri ya tonu, aka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka ji cewa ya kori ma'aikata kimanin 5,300 saboda wannan aika-aika. Da farko an ce asusun bogin sun kai miliyan 2, daga baya lissafi ya haura zuwa miliyan 3.5. Tsofaffin ma'aikata sun yi ta ba 'yan jarida labarin fargaba da rashin barci da suka sha, wasu kuma suka ce korarsu aka yi bayan sun kai ƙara ta layin da bankin da kansa ya ware don tona maguɗi. Mutum 5,300 ba sa taruwa su lalace a lokaci guda haka kawai. Ruwa ba ya tsami banza.

Akwai wani salon gasar da ya fi wannan mugunta a ganina, wato a jera ma'aikata duk shekara daga gwani zuwa na baya, a sallami na ƙarshe ko da kowa ya yi ƙoƙari. Jack Welch ya yi suna da wannan a General Electric, inda ake zubar da kashi 10 cikin 100 na ƙasa. Microsoft ma ya yi irin nasa jerin har ya yi watsi da shi a 2013. A irin wannan tsari, duk wanda ka taimaka wa ka taimaki mai neman kujerarka ne, saboda haka mutumin da kuke zaune tebur ɗaya da shi, wanda ya kamata ya zama mai rage maka zafi, ya koma abin tsoro.

Amma wanda ke son ganin iyakar inda matsi daga sama ke iya kai mutane, ya dubi France Télécom, kamfanin wayar Faransa da yanzu ake kira Orange. Asalinsa na gwamnati ne, kuma ko bayan an sayar da hannun jarinsa, mafi yawan ma'aikatan sun ci gaba da riƙe matsayin ma'aikatan gwamnati, waɗanda doka ta sa korarsu ke da wuya ƙwarai. A 2006 shugabannin kamfanin suka ƙudurta rage mutum 22,000 cikin shekara uku. Tunda kora ba za ta yiwu ba, sai aka zaɓi a gallaza wa mutane har su tafi da ƙafarsu. Shugaban kamfanin na lokacin, Didier Lombard, ya faɗa wa taron manajoji cewa zai fitar da su ko ta taga ko ta ƙofa. Aka shiga yi wa mutane canjin wurin aiki babu shawara. A ɗauko wanda ya ƙware a gyaran layi a zaunar da shi yana tallar waya, a bar wani a ofis babu abin yi, a riƙa tuna wa mutum kullum cewa ƙofa a buɗe take. Har wani ɓangare na ladan manajoji aka ɗaura a kan yawan mutanen da suka tafi daga ƙarƙashinsu.

Tsakanin 2008 da 2009 ma'aikata 35 suka kashe kansu, wasunsu suka bar wasiƙu suna ɗora laifin a kan aikin. Da aka tambayi Lombard, sai ya ce kashe kan wani yayi ne da ake yi, maganar da daga baya ya nemi afuwa a kanta. A Disambar 2019 wata kotu a Faris, bayan ta duba al'amarin mutum 39, ciki har da 19 da suka rasa rayukansu, ta same shi da wasu manyan jami'ai da laifin mayar da muzguna wa ma'aikata manufar kamfani. Aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya, wata takwas daga ciki na je-ka-gyara-halinka, da tarar yuro 15,000, kamfanin kuma yuro 75,000. Kotun ɗaukaka ƙara a 2022 ta tabbatar da laifin amma ta mayar da ɗaurin gaba ɗaya na je-ka-gyara-halinka. Hukuncin bai taka kara ya karya ba idan aka auna shi da rayukan da suka salwanta. Muhimmancinsa yana wani wuri. Kotun ba ta ce sai an nuna shugaban ya tsaya a kan kowane ma'aikaci yana zaginsa ba. Ta ce tsara manufar da aka san za ta ƙuntata wa mutane ya isa ya zama laifi, ko da mai tsarawar bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Wurin masu ƙirƙira, irin sababbin kamfanonin fasaha, yana ba mutum ikon da Karasek ya ce jiki na buƙata, sai ya karɓe lokacinsa gaba ɗaya a madadin haka. Ba wanda zai tambaye ka ƙarfe nawa ka zo, domin ba wanda ke sa ran za ka tafi. A China abin ya samu lamba, 996, wato daga 9 na safe zuwa 9 na dare, kwana 6 a mako, sa'o'i 72 ke nan. A 2019 Jack Ma, wanda ya kafa Alibaba, ya ce samun damar yin irin wannan aiki babbar albarka ce. A Agustan 2021 kotun ƙolin ƙasar da ma'aikatar ƙwadago suka fito suka ce ya saɓa doka. A 2021 ɗin ce Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa a 2016 kaɗai mutum 745,000 suka mutu ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako. Mai irin wannan aiki, haɗarin shanyewar ɓarin jikinsa ya fi na mai sa'o'i 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100, haɗarin mutuwarsa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. Son aiki ba ya canja wannan lissafi. Kuma a tuna, tun 1919 yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙayyade sa'o'i 8 a rana da 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu.

Wanda na fi yi wa kallon tsanaki shi ne na huɗun, inda ake cewa mu nan dangi ne, tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Ba na musun alherinsa. Wurin da za a lura ba ka da lafiya tun kafin ka faɗa, a riƙe maka aikinka ranar da ɗanka ke asibiti, wuri ne da ke ƙara wa mutum kwana, kuma masu bincike sun daɗe da tabbatar da cewa goyon bayan abokan aiki na rage illar matsi. Sai dai zumunci ba shi da lokacin tashi, ba shi da takarda. Oga zai dafa kafaɗarka da yamma ya ce, "Ƙanena, ka san ba ni da wanda na yarda da shi kamarka, ɗan tsaya mu ƙarasa wannan." Me za ka ce? "To yallaɓai, ba komai." A wurin da doka ke aiki, waɗannan sa'o'i ana rubuta su, ana biya. A nan kuwa kara ce. Wanda ya tambayi kuɗin ƙarin lokaci ya zama marar kunya, wanda ya nemi a rubuta masa sharuɗɗan aikinsa ya zama mai zargin mutane, wanda ya ambaci ƙungiyar ƙwadago ya zama mai raba kan gida.

Kuma duk gidan da ba doka ke raba haƙƙi ba, dole a samu ɗan mowa da ɗan bora. Ƙarin girma ya koma hannun wanda ya iya zama kusa da oga, hutu ya zama alfarmar da ake roƙo. Mafi muni shi ne ranar da wani babba ya ci zarafin ƙaramar ma'aikaciya. A wurin da ake ji da zumunci, abin da za a fara ce mata shi ne ta yi haƙuri, ta rufa asiri, maganar gida ce a bar ta a gida. Ita za ta ci gaba da gaishe shi kowace safiya, ita ce kuma za ta daina barci. Idan kana son gane ko zumuncin wurin aikinka na gaske ne, lura da lokacin da ake tuna shi, lokacin rabon aiki ne ko lokacin rabon riba.

Japan ta ɗanɗana abin da biyayya marar iyaka ga kamfani ke haifarwa, inda ƙaramin ma'aikaci ke jin kunyar tashi kafin na gaba da shi. A Disambar 2015 wata matashiya 'yar shekara 24 da ke aiki a kamfanin tallace-tallace na Dentsu ta kashe kanta, bayan ta yi ƙarin aikin da ya haura sa'o'i 100 a wata guda. Hukumomi suka tabbatar aikin ne sanadi, shugaban kamfanin ya sauka, kotu ta ci kamfanin tarar yen 500,000, kuɗin da bai kai cikin cokali ba a wajensa. Amma fushin jama'a ya taimaka wajen samar da dokar 2018, wadda ta sa iyakar ƙarin aiki a sa'o'i 45 a wata da 360 a shekara, duk da ta bar ƙofar a kai kusa da 100 a watannin da aiki ya yi yawa.

Idan kowane gida yana da cutarsa, me ya raba wurin da ake rayuwa da wurin da ake ƙarewa? A ganina abu guda ne ya fi kowanne: nawa ƙaramin ma'aikaci zai biya idan ya faɗi gaskiya. A farkon shekarun 1990 Amy Edmondson, tana ɗalibar digiri na uku a jami'ar Harvard, ta shiga wani bincike kan kurakuran ba da magani a asibitoci. Ta zaci sassan da ke da shugabanci nagari da haɗin kai su ne za su fi ƙarancin kuskure. Sai alƙaluma suka nuna su ne suka fi yawan kuskuren da aka rubuta. Da aka zurfafa aka gane cewa su faɗa suke yi idan sun yi kuskure, a sauran sassan kuwa ana ɓoyewa saboda tsoron shugabar ma'aikatan jinya. Shekaru bayan haka, daga 2012, Google ya nazarci rukunonin ma'aikatansa 180 don gano abin da ke sa wasu su fi wasu, kuma abin da ya fito a sahun gaba shi ne wannan: mutum ya iya tambaya, ya iya cewa ban gane ba, ya iya cewa na yi kuskure, ba tare da an wulaƙanta shi ba.

Ana yawan kawo wannan a matsayin dabarar ƙara riba. Ni gefen lafiyar ya fi damuna. Mutumin da ke aiki cikin tsoro ayyuka biyu yake yi a kan albashi ɗaya, ga aikin da aka ɗauke shi, ga aikin tsare kansa: auna kowace kalma, karanta fuskar oga, adana saƙonni saboda ranar da za a nemi wanda za a ɗora wa laifi. Na biyun ba a tashi daga shi. Shi ke bin mutum gida, ya huce a kan mata da yara da ba su san hawa ba balle sauka.

Kamfanoni sun san akwai matsala, domin tana taɓa aljihunsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk shekara ana asarar ranakun aiki biliyan 12 saboda ciwon damuwa da fargaba, abin da ke cin kimanin dala tiriliyan 1. Amma dubi maganin da suka fi so: darasin jure wahala, manhajar koyon numfashi a waya, lacca kan tsara lokaci. A 2024 William Fleming na jami'ar Oxford ya wallafa nazarin amsoshin ma'aikata 46,336 daga wuraren aiki 233 a Birtaniya, ya tarar waɗanda suka shiga irin waɗannan shirye-shirye ba su fi waɗanda ba su shiga ba walwala. Aikin sa-kai ne kawai ya nuna ɗan amfani. Ban yi mamaki ba. Ka ɗora wa mutum aikin mutum uku, sannan ka tura shi ajin koyon haƙuri a lokacin hutunsa, ka ƙara masa aiki na huɗu ne, kuma ka faɗa masa a fakaice cewa laifin daga gare shi yake. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta sa matsananciyar gajiyar aiki a kundinta na matsalolin lafiya a 2019, ba ta lissafa ta a cikin cututtuka ba. Ta bayyana ta a matsayin abin da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba, da alamunta: ƙarewar ƙarfi, tsanar aikin da a da ake so, da raguwar ƙwazo.

Na san abin da mai kamfani zai ce, kuma ba duka ne shirme ba. Zai ce akwai mutanen da ko a ina aka ajiye su sai sun yi ƙorafi, akwai masu ɗauko damuwar gida su kawo ofis, kuma shi ma kasuwa ke matsa masa. Haka ne. Amma idan mutum ɗaya ya faɗi a sashe, ana iya duba mutumin. Idan sashe guda ne ke ta cinye duk wanda aka kai, a bar duba mutanen. Zai kuma ce ai aiki kowane iri ya fi zaman banza. Rashin aiki na da illa ga lafiya, wannan ba gardama. Sai dai wani bincike na jami'ar Manchester da aka wallafa a 2017 ya tarar cewa marasa aikin da suka samu mummunan aiki, alamun matsi a jininsu da jikinsu sun fi na waɗanda suka ci gaba da zama babu aikin. Wanda nake tausaya wa a wannan rigima shi ne manajan tsakiya, gaba kura baya sayaki. Daga sama an yanka masa adadi, daga ƙasa ana kallonsa a matsayin azzalumi, alhali sau da yawa shi ma ba a bar masa ikon sauya komai ba.

Shawarar da aka fi ba wanda wurin aiki ya isa ita ce ya ajiye ya nemi wani. Shawara ce ta mai zaɓi. Wanda ke da bakuna shida a wuyansa, a inda mutum ɗari ke jiran kujerarsa, ba zai ajiye ba, kuma oga ya san haka. Shi ya sa nake ganin ba za a bar wannan magana ga kirkin shugabanni kaɗai ba, dole doka da ƙungiyoyin ƙwadago su shigo. Tun Janairun 2017 Faransa ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da ma'aikatansu kan haƙƙin kashe waya da imel bayan an tashi. A 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 kan cin zarafi da muzgunawa a wurin aiki, wadda ta haɗa har da cutarwar da ba ta barin tabo a fata. A 2022 kamfanoni 61 a Birtaniya, masu ma'aikata kusan 2,900, suka gwada aikin kwana huɗu a mako na wata shida ba tare da rage albashi ba, 56 daga ciki suka ci gaba bayan gwajin. Su suka kawo kansu, don haka ba za a ce kowane wuri zai ga irin wannan sakamako ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda da yawansu suka samo ranar: sun zauna da ma'aikatan ne suka tambaye su wane taro ne ɓata lokaci, wane rahoto ne ba mai karantawa.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar jiran majalisa. Duk kamfani mai ɗan girma ya san sashen da aka fi karɓar hutun rashin lafiya, da sashen da sababbin ma'aikata ba sa shekara, da manajan da kowa ke neman a ɗauke shi daga ƙarƙashinsa. Alƙaluman suna nan a ofishin kula da ma'aikata, ana tara su ana rufewa. A fito da su a ajiye kusa da alƙaluman ciniki ranar da ake duba wanda ya cancanci ƙarin girma da lada. A France Télécom an ɗaura ladan manajoji a kan yawan mutanen da suka tafi, kuma sun cika adadin. Ba na shakkar za su cika shi idan aka ɗaura a kan yawan waɗanda suka zauna lafiya.